Fatar amarya da farar shadda

Shekara biyu ke nan ina koyon aikin hoto a wani ɗan shago kusa da kasuwar Tahoua. Da farko riƙon fitila da ɗaukar jaka ne aikina, daga baya maigidana ya zaunar da ni gaban kwamfuta ya buɗe mini Lightroom, manhajar gyaran hoto. Kafin nan Snapseed kawai na sani a waya.

Aikin da aka fara sakar mini ni kaɗai na wani biki ne. Amarya baƙa ce, kyakkyawa, da zanen gado a kumatunta. Kwana uku na yi a kan hotonta cikin Photoshop. Na goge fatar ta yi sumul, na ƙara haske har ta koma wankan tarwaɗa, zanen ma na dushe shi don na ɗauka abin ɓoyewa ne. Da mahaifiyarta ta zo karɓa, ta daɗe tana kallon takardar, sannan ta ce, "Ɗana, wannan ɗiyar wa ce? Tawa dai ba haka take ba." Maigida ya ba ta haƙuri, ya ce, "Hajiya, ki dawo jibi."

Bai yi mini faɗa ba. Ya jawo kujera ya nuna mini ɗan jadawalin hasken nan da ke saman kusurwar dama, wanda ban taɓa kula da shi ba: duhu a hagu, haske a dama. A hoton ango duk tudun ya tattaru ya manne a bangon dama. Farar shaddarsa ta ƙone, aikin wuyan rigar ya ɓace gaba ɗaya, kuma na ja haske ƙasa iyakar ja, toka-toka kawai ta fito. Ashe da JPEG na ɗauka, wato matsattsen tsarin ajiye hoto, wanda matakin haske 256 kaɗai yake riƙewa a kowane launi, alhali RAW, wato ɗanyen hoton kyamara, mai bit 14 yana riƙe 16,384. Ga shi da ranar azahar na tsayar da su a fili. Tun daga nan inuwa nake nema, ko in jira bayan la'asar, in auna haskena a kan shaddar, fuskar kuma in ɗago ta ita kaɗai a kwamfuta ba tare da na taɓa launinta ba. Da hunturu, in hazo ya mayar da komai rawaya, farar hula nake dangwalawa in daidaita launin daga gare ta.

Daga baya na karanta cewa shekaru da yawa kamfanin Kodak da hoton Baturiya yake ba masu wankin hoto katin gwajin launi. Abin ya tsaya mini a rai, don ni ma da wannan ma'aunin na auna ɗiyar mutane ba tare da wani ya sa ni ba. Har gobe ƴan mata na ce mini, "Don Allah ka ɗan haskaka ni." Ba na musu da su, sai dai in nuna musu guda biyu gefe da gefe, in kuma gaya musu wanda na fi so.

Hoton amarya kuwa mun sake shi daga tushe, ƙurji ɗaya kawai muka cire. Da Hajiya ta dawo, ta ɗora yatsa a kan zanen, ta ce a wanke mata manya guda uku, ɗaya za a kai wa kakar yarinyar a Illela.