Godiya Ga Waɗanda Suka Gyara Mana Keken Doki

Alhamdu lillahi, littafin ya fito daga maɗaba'a. Labari ne na binciken kisa a cikin al'ummar Amish ta gundumar Lancaster, jihar Pennsylvania a Amurka, wasu Kiristoci masu rayuwar gargajiya da ke tafiya da keken doki maimakon mota. Kafin ya kai hannun masu karatu ya bi ta hannun mutanen da ba su so a ambaci sunansu, amma haƙƙinsu ne a faɗi abin da suka yi.

Babbar godiyarmu ga dattijuwar da ta tashi a cikin Amish, ta karanta rubutun farko da jan biro. Tun a babi na ɗaya ta kama mu: mun sa keken dokin baƙi, alhali na Lancaster ruwan toka ne, baƙin na Ohio da Indiana ne. Mun kai mutane coci ranar Lahadi, ta ce Amish na tsohon tsari ba su da ginin coci, a gidajensu suke ibada bi da bi, Lahadi ɗaya a yi, ɗaya a tsallake. Mun yi wa magidanci gashin baki, ta goge, don mai aure gemu yake bari, ya aske gashin baki. Yarinyar da muka tura sakandare ma ta dawo da ita gida, karatunsu a aji 8 yake tsayawa, kuma Kotun Ƙolin Amurka ta amince musu da haka a 1972.

Gyaran da ya fi ɗaukar lokaci shi ne na tafiya. Labarin bincike a kan lokaci yake tsayuwa: ina wane yake da ƙarfe kaza? Keken doki yakan ci mil 5 zuwa 8 a awa, don haka wanda muka sa ya je gona mai nisan mil 12 ya dawo cikin awa guda, ƙarya muka sa shi ba da sani ba. Sai da aka sake jera babi uku. Haka kiran waya. Babu tarho a cikin gida, yana wata 'yar rumfa a bakin hanya, wani lokaci ma ta maƙwabta da yawa ce, saboda haka labarin gawa ba ya isa ga 'yan sanda cikin minti biyu. Ko ya isa, mutanen sun fi son kai matsala gun bishop ɗinsu, kuma ba sa rantsuwa a kotu. Wannan shirun ya zama ƙashin bayan littafin.

Ta kuma nuna mana cewa sunayen dangi kaɗan ne, Stoltzfus da King da Fisher da Lapp sun cika gundumar, sai da laƙabi ake bambance mutane. Daga nan ruɗanin mai binciken ya samu tushe.

Muna godiya ga mai duba kalmomin yarensu na Jamusancin Pennsylvania, wanda ya daidaita mana Ordnung, wato ƙa'idojin zaman al'ummarsu, da Rumspringa, wato lokacin samartaka kafin baftisma, ya kuma hana mu sa Meidung, wato ƙauracewa, a kan saurayin da ba a yi wa baftisma ba, tunda hukuncin na waɗanda suka shiga coci ne kawai.

Mai zanen bangon littafin ya cire fuskar da muka so a sa, ya bar keken ana ganinsa ta baya, don Amish ba sa tsayawa a ɗauke su hoto. Ma'aikatan maɗaba'a kuwa su suka gano faɗin ƙashin bangon bai dace da yawan shafuka ba bayan an ƙara shafi 16, suka tsayar da aiki har aka sake awo.

Allah ya saka wa kowa da alheri. Wanda ya ga kuskuren da ya tsere mana, ya aiko da lambar shafi, za a gyara a bugu na biyu.