Tarkon da ake kafawa a ƙasan teku

Idan na ce tarko nake ƙerawa, sai a ɗauka na kifi ne. Namu babban mazurari ne, bakinsa da raga irin saƙar zuma, a gindinsa kwalabe 21 a kan faifai mai juyawa. Masu binciken teku ke saya, su ɗaure shi da anga a zurfin mita 1,000 ko 3,000, su bar shi shekara guda.

Abin da yake tarewa shi ne dusar teku. A saman ruwa, mita 200 na farko inda hasken rana ke kaiwa, ƙananan tsirran da ido ba ya gani suna rayuwa suna mutuwa. Gawarsu da kashin ƙwarin da ke cin su sukan dunƙule, su riƙa gangarowa sannu a hankali ɗauke da maiƙo. A hanya bakteriya na ta cin rabonsu. Maiƙo mai laushi shi ke fara ƙarewa, mai taurin kai irin sitirol da alkinon ya jure har ƙasa, shi ya sa da alkinon ɗin ake gano ɗumin ruwan zamanin da. Abin da ke isa gindin teku kusan kashi 1 cikin 100 ne kacal na abin da aka samar a sama.

To ka ga ɗan abin da ake jira shekara guda a samu ke nan, kuma yatsa ɗaya ya isa ya ɓata shi. Ranar da na fara koyo, maigidana, Allah ya jiƙansa, ya ga na ɗauki kwalba da hannu tsirara. Bai yi mini faɗa ba. Ya ɗaga ta saitin fitila, ya nuna mini tambarin babban yatsana, ya ce wannan ma maiƙo ne, na'urar da ke auna maiƙon kuwa ba ta san nawa da na teku ba. Har yau duk gilashin da zai fita daga wurinmu sai an gasa shi a zafin digiri 450, an naɗe shi da takardar alminiyam.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu kawo kaya. Wani ya taɓa aiko mana zoban roba shafe da giris bayan mun ja masa kunne sau biyu. Da hanci na gane, tun kafin a buɗe leda ta uku, muka mayar masa da kayansa kaf. Ga kuma masu kwaikwayo da ke haɗa faifai da roba mai araha, ya maƙale a kwalba ta biyar, dusar wata tara ta cakuɗe wuri guda. Sai mai saye ya zo yana cewa nasu ya fi sauƙi. Mu kowane faifai sai ya kwana yana juyawa a ruwan gishiri mai sanyin ƙanƙara, ina tsaye ina ƙirga kwalaben ɗaya bayan ɗaya, kafin in yarda a rufe akwati.