Allurai a cikin ganyen kainuwa

A ƙarshen damina na gangara fadamar Kwalkwalawa da ke kusa da Sakkwato, bakin Kogin Rima, na ɗebo kainuwa a bokiti, domin ina so ɗalibaina su ga ƙwayoyin ma'adinin da ke cikin ganyenta da idonsu. Wani masunci da ke gyaran koma ya ce mini, "Malam, in ka murza ta, kada ka kai hannu ido, tana da ƙaiƙayi."

Kwana biyu na yi ina fama a banza, saboda yankan da nake yi da reza yana yin kauri, haske ba ya ratsa shi a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu. Sai da na jiƙa ganyen a ruwan bilic har korensa ya fita, na ɗauraye shi, sannan abin ya bayyana. Da na ƙara girman sau 400, sai ga allurai sirara, masu tsini kai da gindi, an jera su dami guda a cikin ƙwayar halitta ɗaya kamar tsintsiya. Kusa da su akwai wasu dunƙulallu masu ƙayoyi kamar ƙarangiya.

Duka biyun sinadarin kalsiyam okzalet ne, wanda tsiron ke haɗawa daga kalsiyam ɗin da yake sha a ruwa. Dunƙulallun tamkar rumbu suke, don idan kalsiyam ya yi ƙaranci tsiron yakan narkar da su ya yi amfani da shi, alhali alluran na kāre shi daga masu cin ganye. Kainuwa dangin gwaza ce, kuma waɗannan allurai ne ke sa ɗanyen gwaza ya yi ƙaiƙayi a maƙogwaro. Nan na gane cewa masuncin nan ya san aikinsu tun kafin in gan su.

Inda na kusa yin kuskure shi ne wani farin gari da ya manne a bayan ganye, wanda na zaci shi ma na cikin tsiron ne. A ƙasar da ake haƙar farar ƙasa a yi siminti a Kalambaina, bai kamata in manta cewa garin zai iya zama farar ƙasa ba. Na ɗiga ruwan khal, garin ya yi kumfa ya narke, alluran kuwa ko gezau. Tun daga ranar nake wanke kowane ganye sau uku, kuma nake sa ɗalibai su yi gwajin khal kafin su zana abin da suka gani.