Maɓalli nawa ya ishi akodiyon ɗin Kajun?

Duk wanda ya tara kuɗi zai sayi akodiyon ɗin Kajun, wato kayan kiɗan nan mai zugazugi da maɓallai, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce: mai maɓalli nawa? Na ji ta a bakin abokan koyo da yawa lokacin da karatu ya kai ni Lafayet, a kudancin jihar Luwiziyana ta Amurka, inda nake zuwa wajen wani dattijo da yamma yana koya mini kiɗan Kajun, wato kiɗan gargajiya na mutanen yankin masu asalin Faransa. Amsata a yau ita ce goma, kuma sai da yatsuna suka yi kanta kafin na gane dalili.

Kayan ɗan ƙarami ne, ana ɗora shi a cinya. A hannun dama akwai layi ɗaya na maɓalli goma, a hagu biyu na babbar murya, sai wani da babban yatsa ke dannawa don iska ta shiga ko ta fita. Tsakaninsu zugazugi. Kowane maɓalli sauti biyu yake bayarwa: ɗaya idan ka matse zugazugin, wani daban idan ka ja shi. Ke nan goman nan ashirin ne. A saman akwatin kuma akwai 'yan sanduna huɗu da ake ɗagawa, kowace tana buɗe jerin siraran harsunan ƙarfe nata, ɗaya mai kauri, biyu matsakaita, ɗaya siriri. Idan duk a buɗe suke, danna maɓalli ɗaya harshe huɗu yake kaɗawa. Shi ya sa muryarsa ke cika ɗakin rawa tun zamanin da babu lasifika.

Abin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne buga sauti ɗaya da babba da ƙaraminsa tare, wanda shi ne gishirin wannan kiɗa. A akodiyon mai muryar C, wato wanda aka saita a kan sautin da ake kira C, idan kana matsewa, maɓalli na uku da na shida ne ke tafiya tare. Da zarar ka fara ja, sai na uku ya koma abokin na bakwai. Tafin hannu ya dinga buɗewa yana tsukewa ke nan da kowane numfashin zugazugi. Malamina ba ya yawan magana. Sai ya kama wuyan hannuna na hagu ya ce, "Yaro, kana kallon yatsunka, alhali kiɗan yana nan." Gaskiyarsa. Tsallen da mai rawa ke ji a ƙafarsa daga wannan matsa da ja yake fitowa, kuma ƙarin maɓalli ba zai ba ka shi ba.

To me ya sa mutane ke son ƙari? Domin goman suna da iyaka, kuma iyakar a fili take. Babu sautukan tsakani, irin waɗanda ke kan baƙaƙen maɓallan piyano. Hannun hagu ma amo biyu kawai ya sani, C idan an matsa, G idan an ja, ko da waƙar ta nemi F. Wanda ya yi karatun kiɗa a makaranta yakan ji wannan kamar kuskure. Mutanen wurin ba sa jin sa haka, kuma da kunnena ya saba, ni ma na daina. Waƙoƙin a kan wannan ƙarancin aka gina su. Amédé Ardoin, ɗan Kiriyol, wato baƙaƙen fatan yankin masu jin Faransanci, wanda ya fara ɗaukar faifai a 1929 tare da mai goge Dennis McGee, da layi ɗaya ya yi duk abin da ya yi. Haka Joe Falcon, wanda shi da Cléoma Breaux suka yi faifan Kajun na farko a 1928. Haka Iry LeJeune, wanda ya dawo wa akodiyon da martabarsa bayan yaƙin duniya na biyu.

Mai layi uku, ko babban nan mai maɓallan piyano irin wanda Clifton Chenier ya yi suna da shi a kiɗan zaidako na 'yan Kiriyol, kaya ne masu daraja, ban raina su ba. Amma wata hanya ce daban. Idan zuciyarka can take, saye shi tun farko. Idan kuwa kiɗan Kajun na gargajiya kake so, nauyi kawai za ka ƙara wa kafaɗarka, kuma kayan mai nauyi ba ya juyawa da saurin da wannan kiɗa ke nema. Akwai kuma masu ƙera mai maɓalli tara don ƙarin sauƙi. Ga mai koyo ina ganin goma ya fi, tunda shi malamai ke riƙe da shi, da lambobinsa ake koyarwa.

Tambayoyin da suka fi cancanta a yi wa mai sayarwa wasu ne. Wace murya, C ko D? Wannan ba ƙaramin abu ba ne: akodiyon ya zauna daram a kiɗan Kajun ne bayan da samfurin Monarch da Sterling suka iso daga Jamus da waɗannan muryoyi biyu, waɗanda masu goge ke iya bi. Yawancin masu koyo da C suke farawa. Sai kuma wa ya ƙera shi. Da yaƙin duniya na biyu ya yanke kayan Jamus, Sidney Brown na garin Lake Charles ya shiga gyara da ƙerawa da hannunsa, daga baya Marc Savoy ya buɗe shagonsa a garin Yunis, inda ake haɗuwa kiɗa da safiyar Asabar. Na hannu ya fi na masana'anta tsada nesa ba kusa ba, amma a nan ne kuɗinka ke aiki: harsunan suna amsawa da 'yar iska kaɗan, zugazugin ba ya yoyo.

Gwajin da malamina ya koya mini mai sauƙi ne. Ka ja zugazugin a hankali ba tare da danna komai ba. Idan ya buɗe ba gardama, iska na zurarewa. Sannan ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya, matsa da ja, da ƙaramin ƙarfi, ka saurari ko akwai wanda ke jinkirin magana, musamman na ɗaya da na goma da ke can gefe.