Wahalar da na sha kafin ɗan jirgina ya zauna daidai a kan tirela

Jirgin ruwan nan fa ba wani babba bane, irin wanda ake kira Laser ne, na mutum ɗaya, ba inji sai ƙyalle da iska, tsawonsa mita 4.2 nauyin gangar jikinsa kilo 59, mutum biyu ma sai su ɗaga shi. A Legas na saye shi na hannu, aka ɗoro min shi a saman motar kaya har Kano, niyyata duk ƙarshen sati in ja shi zuwa dam ɗin Tiga in ɗan sha iska. Mutanen gida dai sun gama yanke hukunci tun ranar da ya iso, wai kuɗi ne suka min yawa.

'Yar tirelar da zan ja shi da ita daman akwai ta, tsohuwa ce da ake ɗaukar janareto, to sai na ɗauka aikin kwana ɗaya ne. Naje Na'ibawa 'yan katako na sayo tu-bai-fo guda biyu, na biya Ƙofar Ruwa na sayo angul da notina, na yanko tsohon kafet ɗin falo. Mai waldan layinmu dattijo ne, Baba muke ce masa, ya zagaya jirgin ya danna cikinsa da babban yatsa yace Alhaji wannan abin naka fa kamar ƙwarya yake, ka tabbata a kan cikinsa za mu kwantar da shi? Nace Baba kai dai ka kama min ƙarfen nan, haka na gani ana yi wa jiragen inji. Yace to shikenan, mai kaya ai shi ke da magana.

Muka shimfiɗa katakon biyu a tsaye daga gaba zuwa baya, muka naɗe su da kafet, muka ɗora jirgi na kawo bel ɗin ɗaure kaya na tamke shi tam har yana ƙara, ni a tunanina tamkewar ce tsaro. Kano zuwa Tiga wajen kilomita 70 ne, kan babban titi ba laifi amma da muka bar shi aka shiga gargada sai nake hango jirgin ta madubi yana tsalle shi da tirelar gaba ɗaya. Da muka sauke shi a bakin ruwa na shafa ƙasansa sai naji lotsawa guda biyu dogaye, daidai inda katakon ya tokare, ga kuma karce birjik saboda kafet ɗin ya kwashi yashi ya koma kamar sanfefa. Wallahi ranar ko ruwan ban ji daɗin shiga ba.

Daga baya ne na gane abin da Baba ya gane da yatsa ɗaya. Cikin irin wannan jirgin faiba ce siririya, a ruwa ba matsala don ruwa na tallafe shi ta ko'ina daidai wa daida, amma ka ɗora shi a kan katako mai faɗin inci huɗu ka matse da bel ka bar shi a ranar Kano, dole ya lotsa. Ƙarfinsa yana leɓensa ne, wato bakin nan da ya zagaye shi inda rufin sama da gangar jiki suka haɗu, ga shi kuma leɓen ya lanƙwasa ƙasa kamar daman an yi shi ne don a rataye shi. Shi ya sa tirelolin da ake ƙera masa musamman ta nan suke riƙe shi, cikin yana reto bai taɓa komai ba.

Sai na koma wajen Baba da kunya ta. Bai ce min ai na faɗa maka ba, dariya kawai yayi yace a kawo kwali. Muka kife jirgin a kan tsofaffin tayoyi, muka yanka kwalin firij muna gwadawa muna ragewa har ya bi shacin jikinsa, da shi muka fitar da awon ƙarfen. Ya tayar da ƙafa biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, a ɗan bayan tsakiya inda jirgin ya fi faɗi, kan kowacce ya ɗora guntun katako da muka sassaƙa ya shige ƙarƙashin leɓen, sai ta uku a gaba mai baki kamar gwafa ta riƙe hancin. Maimakon kafet tiyo ɗin roba mai kauri muka tsaga muka lulluɓa, shi baya riƙe yashi. Abu ɗaya da nayi gardama a kai kuma naci nasara shine kar a walde ƙafafun, a huda ramuka a jere a ɗaure da noti, kuma ya yi rana don sai da muka matsar da su sau uku kafin jirgin ya zauna ba tangaɗi.

Tsallen kuma ashe laifin sifirin ne, an yi shi ne don janareto mai nauyi, kilo 59 ko gezau ba zai sa shi ba, sai muka zare ganye biyu a kowane gefe na kuma rage iskar tayoyin kaɗan. Aksul ɗin ma mun ja shi baya kaɗan don nauyi ya ɗan sauka a kan ƙugiyar mota, kamar kashi ɗaya cikin goma na duka nauyin, in babu wannan da ka ɗan taka wuta tirela zata fara kaɗa wutsiya. Sandar ƙyallen daman gida biyu ce, na kwantar da su a sama kan katako mai rami, bel kuma yanzu daidai saitin ƙafafun nake bi da shi, in ja shi ya kama kawai in bari.

Har yanzu akwai abin da ban gyara ba, boris ɗin taya ɗaya yana zafi ko na cika shi da giris, don haka sai na tsaya a Kwanar Ɗangora na taɓa da bayan hannu kafin in ci gaba, kuma bana shigar da tayoyin cikin ruwa, yaran masunta nake ba na goro mu ɗauke shi a hannu. Lotsawar nan ɗaya ta ɗan taso da kanta, ɗayar tana nan, duk sanda na kife jirgin zan wanke sai na ganta.