Shekara Uku Ina Ce Mata 'Yar'uwa

A ƙungiyar mawaƙa ta majami'armu ta ECWA a Jos muka san juna, a sujadar Hausa. Ita tana cikin masu rera waƙa, ni ina kan ganga. Ranar Alhamis in an tashi daga koyon waƙa nakan raka ta bakin titi, muna tafe muna hira har ta samu abin hawa. Shekara uku muna haka. Da mahaifina ya kwanta asibiti, ita ce ta fara zuwa da kunun gyaɗa a fulas tun gari bai gama wayewa ba. Amma duk wanda ya tambaye ni sai in ce, "Ai 'yar'uwata ce cikin Kristi."

Kalmar mai kyau ce, sai dai ni fakewa na yi da ita, don ina tsoron a ce mini a'a. Samari da yawa a ikilisiya muna wannan laifin: ka tsaya wa yarinya a bakin ƙofa, ba ka shiga ba, ba ka ba wani hanya ba, kowa kuma ya ɗauka taka ce.

Wata Alhamis ta tsaya cak ta ce, "Ɗan'uwa, an aiko wurin Babana a Wusasa ana nemana. Me zan ce musu?" Bakina ya mutu. Na roƙe ta mako biyu in yi addu'a, ta ce ta ba ni. A rana ta goma na same ta na ce ina son ta, kuma da aure. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka je ka ga Baba Fasto."

Na ɗauka zai fara da wa'azi. Sai ya ce, "Ɗana, kun yi gwajin jini?" Ya ɗauko takarda ya zana mini: in miji AS ne, wato yana ɗauke da gadon sikila a jininsa amma ba ya ciwon, mata ma AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu a haifi mai ciwon sikila. Ya ce ya sha zama da iyaye a gefen gadon irin waɗannan yara, ba zai ɗaura aure a kan duhu ba.

Nawa sakamakon ya fito AS. Kwana uku muka jira nata, kuma ban taɓa ganin kwanaki masu tsawo irinsu ba. A nan na gane girman gangancin da na yi da zuciyarta. Da na yi magana tun shekarar farko, da mun san matsayinmu kafin shaƙuwa ta yi nisa. Muka yi alkawari in ta fito AS za mu haƙura, muna faɗa muna hawaye. Ta fito AA, wato ba ta ɗauke da gadon sikila.

Sauran ya zo da sauƙi. Kwamitin aure ya zauna da mu sau da dama kan kuɗi, dangi da kame kai kafin biki, har da batun majami'a, tunda gidansu 'yan Angilikan ne, kakanta ma a tsohuwar majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa, wadda aka gina da ƙasa a 1929, aka yi masa baftisma.

Ranar baiko Baffana da dattawa biyu suka kai goro da alewa da kuɗin gaisuwa. Yaro ba ya shiga maganar manya, don haka a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida na zauna. Can na jiyo mahaifinta ya ɗaga murya yana addu'a, aka amsa da amin, sai guɗa ta tashi daga cikin gida. Baffa ya leƙo ya yafito ni da hannu. "Taso ka gaida surukanka," in ji shi, "sun ba mu."