Ashe munsharin Alhaji ne

Shekarata ta biyu da fara aikin nas a wani asibiti nan cikin Gombe aka tura ni ɓangaren masu hawan jini, a nan na haɗu da wani dattijo direba, Gombe zuwa Bauchi yake lodi. Magani kala 3 yake sha har da mai sa fitsari, amma duk zuwan da zai yi in na auna sai in ga 160 bisa 100. Ni kuma da rawar kan sabon ma'aikaci kawai na yanke cewa ba ya shan maganin ne, har faɗa na yi masa, Allah ya yafe min.

Ran da ya zo da uwargidansa ita ta warware mana. Ta ce, "Ɗan nan, ni barcin Alhaji ke ba ni tsoro, yana cikin munshari sai ka ji ɗif, sai na zungure shi ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe." Likitan da nake ƙarƙashinsa ya ajiye biro ya hau tambaya, ciwon kai da asuba? Eh. Gyangyaɗi da rana? Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce wajen Alkaleri yakan faka ya wanke fuska. Mutum da fasinja cike da mota fa!

Daga baya likita ya zaunar da ni. Idan barci ya yi nauyi naman maƙogwaro na saki ya toshe hanyar iska, musamman mai ƙiba da kaurin wuya, numfashi ya tsaya daƙiƙa 10 ko fiye, wani sau 30 a awa ɗaya. Duk tsayawa oksijin na sauka, jiki ya firgita ya saki adirenalin, sinadarin nan da ke fita idan mutum ya tsorata, jijiyoyin jini su tsuke zuciya ta hau bugu. Mai lafiya jininsa na sauka da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 da dare, shi kuwa wannan ba ya samun hutun, a hankali hawan ya bi shi har rana.

Akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, amma ga tsada ga wutar nan tamu, kuma jinin ma kaɗan take saukarwa, ba ta maye gurbin ƙwaya. Alhaji dai da kwanciyar gefe da rage tumbi aka fara, aka hana shi tuƙin dare.

Yanzu duk wanda jininsa ya ƙi sauka, kafin in tuhume shi sai in ce ya zo min da Hajiya.